Garkuwa da Bayanai: Yadda Ƙaramar Sana'a Za Ta Yi wa Kanta Rigakafi

A farkon shekarar 2019, a garin Battle Creek da ke jihar Mishigan ta ƙasar Amurka, akwai wani ɗan ƙaramin asibiti mai suna Brookside, inda likitoci biyu suke duba masu ciwon kunne da hanci da maƙogwaro. Wata rana aka kunna kwamfutocin asibitin, sai aka tarar babu abin da ke buɗuwa. Sunayen marasa lafiya, da tarihin cututtukansu, da lissafin kuɗi, da jadawalin masu zuwa ganin likita, duk an kulle su. Wasu mutane da ba a san ko su wane ne ba suka aiko da saƙo suna neman a biya su dala 6,500 kafin su ba da mabuɗi.

Likitocin suka ƙi biya, domin ba su da tabbacin cewa in sun biya za a mayar musu da kayansu, ko kuma ba za a dawo a nemi ƙari ba. Aka wayi gari bayanan duk sun salwanta, har da kwafin da aka ajiye don ɓacin rana. Ɗaya daga cikin likitocin ya shaida wa 'yan jarida cewa ba su ma san waɗanda aka yi wa alƙawarin ganin likita ba, balle su buga musu waya su ce kada su zo. Sai dai ya riƙa zuwa yana zama a ofis, duk wanda ya shigo ya duba shi. A ƙarshen watan Afrilu na wannan shekara aka rufe asibitin, likitocin suka yi ritaya tun kafin lokacin da suka tsara. Ginin yana nan, kayan aiki suna nan, likitoci kuma suna tare da iliminsu. Bayanai kaɗai aka rasa, rashinsu kuwa ya isa ya kashe sana'ar.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna wa ɗalibai da malamansu yadda irin wannan hari yake aukuwa, da dalilin da ya sa ƙananan sana'o'i suka fi jin jiki, da kuma matakan da mai shago ko mai makaranta ko mai kemis zai ɗauka ba tare da ya kashe kuɗi masu yawa ba. Wanda ya fahimci darasin cututtuka masu yaɗuwa a ajin ilimin halittu ya riga ya san rabin al'amarin, domin kuwa tun daga sunan cutar har zuwa hanyoyin kauce mata, masana kwamfuta sun yi aro mai yawa daga masana halittu.

Yadda cuta ta shiga kwamfuta

Bairas, kamar wanda ke haddasa ƙyanda ko shan-inna, ba cikakkiyar halitta ba ce irin bakteriya. Ɗan ƙunshin umarni ne kawai, wato zaren gado na DNA ko RNA, a cikin rigar furotin. Ba ya ci, ba ya girma, kuma ba ya iya hayayyafa shi kaɗai. Sai ya shiga cikin ƙwayar halitta mai rai, sa'an nan ya karɓe ragamarta, ya sa ta bar aikinta ta koma ƙera irinsa, har su yi yawa su fita su kama maƙwabta.

Kwamfuta ma da umarni take aiki, kuma ba ta da hankalin da za ta bambance umarnin mai ita da na baƙo. A watan Nuwamba na 1983 wani ɗalibi a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, mai suna Fred Cohen, ya gwada wani ɗan gajeren umarni da ke liƙe kansa a jikin wasu manhajoji, yana kwafar kansa daga wannan zuwa waccan. Malaminsa, Leonard Adleman, shi ya ba da shawarar a kira abin bairas, saboda kamar da ke tsakaninsu. A 1986 wasu 'yan'uwa biyu masu shagon kwamfuta a birnin Lahore na ƙasar Pakistan suka rubuta wanda ake kira Brain, wanda ya bi faifan filofi daga hannu zuwa hannu har ya kai Turai da Amurka. Ba su ɓoye kansu ba, domin har adireshin shagonsu da lambar wayarsu suka rubuta a cikinsa.

Wanda ake ɗauka shi ya fara mai da cutar hanyar neman kuɗi kuwa masanin ilimin halittu ne, Dokta Joseph Popp, wanda ya yi karatu a Jami'ar Harvard. A watan Disamba na 1989 ya aika da faya-fayan filofi kimanin 20,000 ta gidan waya zuwa ƙasashe da dama, kuma cikin waɗanda suka samu har da masu binciken da suka halarci wani taron Hukumar Lafiya ta Duniya kan cutar ƙanjamau. An rubuta a jikin faifan cewa bayani ne game da cutar. Wanda ya sa shi a kwamfutarsa ba ya ganin illa nan take. Sai bayan an kunna na'urar sau 90 sunayen fayilolinsa za su rikiɗe, a nemi ya aika da dala 189 zuwa wani akwatin gidan waya a ƙasar Panama. Ɗalibi zai lura cewa wannan jinkiri ya yi kama da kwanakin da cuta kan yi a ɓoye cikin jiki kafin alamunta su bayyana.

Ƙullin da Popp ya yi mai rauni ne, masana suka kwance shi cikin ɗan lokaci. Amma abubuwa uku sun canja tun daga wancan zamani. Intanet ta haɗa na'urori, saboda haka ba a bukatar gidan waya. Lissafin ɓoye rubutu ya yi ƙarfin da, in an yi shi daidai, babu kwamfutar da za ta kwance shi ba tare da mabuɗi ba. Sa'an nan kuɗin intanet irin su Bitcoin, wanda ya fito a 2009, sun ba ɓarawo damar karɓar fansa daga nesa ba tare da ya taka banki ba. Yadda ake garkuwa da mutane a nemi kuɗin fansa, haka nan ake garkuwa da bayanai, har abin ya zama kasuwanci mai ƙungiyoyi da dillalai da 'yan kamasho.

Ƙanƙanta ba ta hana kamuwa

Sau da yawa mai ƙaramar sana'a kan ce, wa zai ɓata lokacinsa a kan shagona alhali ga bankuna? Kuskuren wannan tunani shi ne ɗaukar cewa ɓarawon yana zaɓen waɗanda zai cuta ɗaya bayan ɗaya. Hare-hare masu yawa manhaja ce ke kai su, tana zagaya adireshin intanet dare da rana tana taɓa ƙofa bayan ƙofa, wadda ta tarar a buɗe ta faɗa. Sauro ba ya tambayar arzikin mai gida kafin ya yi cizo. Ɗakin da babu gidan sauro yake nema.

An ga zahirin haka ranar Juma'a, 12 ga Mayu, 2017, lokacin da wata manhajar garkuwa da ake kira WannaCry ta ɓarke. Ita ba ta jiran kowa ya buɗe saƙo. Ta wani lahani da ke cikin manhajar Windows take tsallakawa da kanta daga na'ura zuwa na'ura. Cikin 'yan kwanaki ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe 150, tana neman dala 300 a kan kowace. A Ingila, ban da manyan asibitoci, ƙananan ɗakunan ganin likita na unguwanni 595 ne suka kamu, kuma an ƙiyasta cewa an soke alƙawuran ganin likita kimanin 19,000. Abin takaicin shi ne kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran wannan lahani kyauta tun ranar 14 ga Maris, wato kusan wata biyu kafin annobar. Waɗanda suka kamu su ne waɗanda ba su sa gyaran ba, da masu amfani da tsohon samfurin da aka daina yi wa gyara.

Akwai dalili na biyu, wato ƙaramin kamfani kan zama gadar da ake bi a kai ga babba. Tsofaffin manoman arewacin Nijeriya suna tuna shekarar 1975, lokacin da kuturtar gyaɗa ta lalata gonaki kimanin hekta 700,000, alhali kuwa ɗan ƙwaron nan darɓa, wanda bai wuce ƙwayar gero girma ba, shi ya riƙa ɗaukar bairas ɗin daga shuka zuwa shuka. Kusan haka ya faru ga kamfanin Target, ɗaya daga cikin manyan kantunan Amurka, wanda aka sace wa bayanan katunan banki kimanin miliyan 40 a ƙarshen 2013. Masu kutsen wani ƙaramin kamfani suka fara yaudara ta imel, wanda ke yi wa kantunan aikin na'urorin sanyaya. Suka sace kalmar sirrin da aka ba shi don hulɗa da Target, suka bi ta nan suka shiga.

Bambancin shi ne babban kamfani yana da ma'aikatan tsaro da lauyoyi da kuɗin ajiya, don haka yakan yi jinya ya miƙe. Target na nan yana ciniki. Ƙarami kuwa kamar yaro ne mai tamowa, cutar da babba zai shanye ita kan yi ajalinsa.

Tsaga uku a bango

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Tsagar da masu kutse suka fi bi uku ce.

Ta farko ita ce yaudara. Saƙo kan zo ta imel ko ta WhatsApp ko ta tes, da kamannin wanda ya fito daga banki ko abokin ciniki ko ofishin haraji, ɗauke da takardar da ake so a buɗe ko adireshin da ake so a latsa. Sunan da Turawa suka ba wannan dabara daga kamun kifi da fatsa suka aro shi, domin tana ce a bakin ƙugiya. Galibi akan gane saƙon da gaggawarsa: za a rufe asusunka yau, ko ka ci kyauta kuma sauran awa biyu a janye ta. Nau'in da ya fi jawo asara shi ne wanda masu kutse ke shiga akwatin imel na mai sayar da kaya, su yi shiru suna karanta wasiƙunsa, sai lokacin biyan kuɗi ya yi su rubuta wa mai saye da sunansa cewa an canja lambar asusu. Hukumar bincike ta FBI ta Amurka ta ce a shekarar 2023 kaɗai ƙorafe-ƙorafen da ta karɓa kan wannan zamba sun kai asarar dala biliyan 2.9.

Ta biyu ita ce kalmar sirri mai rauni. A watan Yuni na 2023 wata ƙungiyar masu kutse da ake kira Akira ta shiga kwamfutocin kamfanin sufuri na KNP a Ingila, wanda tushensa ya koma 1865, kuma yake da manyan motoci kimanin 500. An yi imanin cewa kalmar sirrin ma'aikaci ɗaya suka cinka. Zuwa watan Satumba kamfanin ya durƙushe, mutane kimanin 700 suka rasa aikinsu.

A nan lissafi yana da abin cewa, kuma kowane ɗalibi zai iya gwada shi. Lambar sirri mai alƙaluma 4 tana da fuskoki 10,000 kacal. Kalma mai ƙananan haruffa 8 na boko, in an ɗauki haruffa 26, tana da fuskoki 26 sau 26 har sau takwas, wato kimanin biliyan 209. A ɗauka cewa na'urar ɓarawo tana gwada biliyan 1 a kowace daƙiƙa. Za ta gama da su duka cikin minti uku da rabi. In aka ƙara haruffa 4 suka zama 12, an ninka aikin sau 456,976, sai ya ɗauke ta kimanin shekara 3. In suka kai 16 kuwa, sai ta yi fiye da shekara miliyan 1. Tsawo ke nan ya fi komai amfani. Sai dai wannan lissafi yana aiki ne in ba a iya cinkar kalmar, domin ɓarawo da sunan mai shago yake farawa, da sunan ɗansa, da shekarar haihuwarsa, da lambar wayarsa, da 123456.

Ta uku ita ce tsohuwar manhaja. Kamfanin Microsoft ya daina fitar da gyaran tsaro na kyauta ga Windows 7 a watan Janairu na 2020, kuma wa'adin kulawarsa ta yau da kullum ga Windows 10 ya ƙare a watan Oktoba na 2025. Duk lahanin da aka gano a manhajar da aka daina kula da ita a buɗe zai zauna. Manhajar sata, wadda ake kwafa a kasuwa da ɗan kuɗi kaɗan, ta fi wannan haɗari, domin sau da yawa ba ta karɓar gyara, wani lokaci ma da cutar a cikinta take zuwa. Haka nan filashin da ake yawo da shi daga wannan shagon buga takardu zuwa wancan, hukuncinsa ɗaya da allura guda da ake yi wa mutane da yawa.

Matakan rigakafi

Jikin ɗan Adam ba da katanga ɗaya yake kare kansa ba. Akwai fata, akwai majina da hawaye, akwai fararen ƙwayoyin jini, ta yadda abin da ya tsallake wannan zai ci karo da wancan. Haka ya kamata tsaron sana'a ya kasance.

Matakin farko shi ne sabunta manhaja, wanda shi ne allurar rigakafin kwamfuta da wayar hannu. A saita na'ura ta riƙa karɓar gyara da kanta, kada a riƙa ɗage shi don tsoron ƙarewar data. Manhajar kashe bairas ma sai ana sabunta ta, domin da kamanni take gane cuta, kamar yadda garkuwar jiki ke gane ƙwayar da ta taɓa haɗuwa da ita, masu kutse kuwa kullum cikin canja wa cutarsu kama suke. Dalili ɗaya ne da wanda ya sa ake sake haɗa allurar mura mai tsanani kowace shekara. Windows na zamani yana zuwa da tasa manhajar tsaro, mai suna Microsoft Defender, ba tare da ƙarin kuɗi ba. Amfanin sabuntawa bai tsaya ga mai na'ura ba. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan-inna ta daji daga Nijeriya a 2020 ne saboda yaran da aka yi wa rigakafi sun yi yawan da cutar ta rasa inda za ta yaɗa zango, kuma kowace kwamfutar da aka gyara ta rage wa annoba wurin sauka.

Na biyu shi ne kalmar sirri mai tsawo, kuma kowane asusu da tasa, domin in aka sace ta a wuri ɗaya, nan da nan za a gwada ta a sauran wurare. Cibiyar tsaron intanet ta Birtaniya tana ba da shawarar a haɗa kalmomi uku da ba su da dangantaka da juna. Bahaushe yana iya haɗa huɗu ko biyar daga harshensa, alal misali sunan wata dabba da wani kayan girki da wani yanayi da wani kayan rubutu, abin da zai yi masa sauƙin tunawa ya yi wa na'ura wuyar cinka. A kan wannan sai a ƙara tantancewa mai mataki biyu, wato ban da kalmar sirri sai an sa wata lamba da ke zuwa ta wayar mai asusu. Tsarin katin ATM ke nan: kati ba ya aiki sai da lamba, lamba ba ta aiki sai da kati. Imel da WhatsApp da Facebook duk suna ba da wannan kyauta.

Na uku, wanda shi ne mafi muhimmanci, shi ne ajiyar kwafi. Manomi mai hankali ba ya zuba iri a rumbun da ake ɗiban abinci, domin in gara ko gobara ta ci rumbun, da iri zai sake tashi. Masana sun taƙaita ƙa'idar da alƙaluma uku, 3-2-1: kwafi 3 na bayanai, a kan ma'aji iri 2, kuma 1 daga ciki a wani wuri dabam. Sharaɗin da aka fi mantawa shi ne a zare faifan ajiya daga jikin kwamfuta da zarar an gama kwafa. Wani ƙaramin asibiti mai suna Wood Ranch a jihar Kalifoniya yana da ajiya lokacin da aka kai masa hari a watan Agusta na 2019, amma cutar ta kulle har da faya-fayan ajiyar. Bayanan marasa lafiya fiye da 5,000 suka tafi, aka rufe asibitin a watan Disamba. Bugu da ƙari, kamar yadda ake jiƙa 'yan ƙwayoyin iri a ga ko za su tsira tun kafin damina ta faɗi, ya kamata lokaci-lokaci a gwada dawo da wani fayil daga ajiya, a tabbatar yana buɗuwa.

Na huɗu shi ne keɓewa. Kwamfutar da ake lissafin kuɗi da ita kada ta zama ita ce ta kallon fina-finai ko wasan yara. In ana ba abokan ciniki Wi-Fi, a raba layinsu da na aiki, kuma a canja kalmar sirrin da na'urar rarraba intanet ta zo da ita daga masana'anta. Kowane ma'aikaci a buɗe masa iya abin da aikinsa ke bukata, ranar da ya bar aiki kuma a rufe asusunsa.

Na biyar ba ya bukatar na'ura ko kaɗan. A kafa doka a wurin aiki cewa duk saƙon da ya ce a canja lambar asusu ko a tura kuɗi da gaggawa, sai an kira mai shi a lambar da aka riga aka sani, ba wadda ke cikin saƙon ba. Kuma mai gida ya sanar da yaransa cewa wanda ya latsa abin da bai kamata ba ya faɗa nan take, ba za a hukunta shi ba. Cutar da aka ɓoye don tsoron faɗa ita ke zama annoba.

Mai shago a Nijeriya

A kasuwannin Nijeriya wayar hannu ita ce kwamfutar yawancin masu sana'a. A cikinta asusun banki yake, da lambobin abokan ciniki, wani lokaci har da littafin bashi. Saboda haka hare-haren ma ta nan suka fi biyowa. Akwai alat na bogi, inda mai saye zai nuna saƙon tes ko hoton rasit ya kwashi kaya ya tafi. Maganinsa shi ne mai shago ko mai POS ya duba asusunsa da kansa ta manhajar banki kafin ya saki kaya ko kuɗi. Akwai ƙwace WhatsApp, inda wani zai kira da sunan taro ko tallafi ya nemi a karanta masa lamba mai alƙaluma 6 da ta shigo waya. Wanda ya karanta ya miƙa asusunsa, daga nan sai a shiga roƙon 'yan'uwansa da abokan cinikinsa kuɗi da sunansa. Akwai kuma satar waya don a yi amfani da layin a kwashe kuɗi, abin da ake ragewa ta hanyar sa wa katin SIM lambar sirri, da kuma sanin lambar da bankuna da dama suka tanada don toshe asusu daga kowace waya. Banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirrin katinsa ko lambar da aka turo masa don tabbatar da ciniki. Duk wanda ya tambaya ɓarawo ne, komai daɗin bakinsa.

Doka ma ta shigo cikin lamarin. Dokar hana laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukuncin ɗauri da tara ga mai kutse da mai zamba. Dokar kare bayanai ta 2023 kuwa ta ɗora wa masu riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare su, ta kuma wajabta sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72 in aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Makarantar kuɗi da ke ajiye sunayen ɗalibai da lambobin iyayensu, da asibitin da ke ajiye tarihin marasa lafiya, amana ce a hannunsu.

Idan an kamu

Abu na farko shi ne a killace mara lafiya: a zare wayar intanet, a kashe Wi-Fi, a cire duk faifan da ke liƙe. Kada a yi gaggawar goge na'urar, domin a cikinta shaida take. A ɗauki hoton saƙon fansa, a canja kalmomin sirri daga wata na'ura mai lafiya, kuma in abin ya shafi kuɗi a kira banki nan take, tunda kowane minti yana rage damar tare su. Sa'an nan a kai rahoto ga 'yan sanda, waɗanda ke da cibiyar yaƙi da laifukan intanet a Abuja, ko ga hukumar EFCC. Tun 2016 hukumar 'yan sandan Turai ta Europol, tare da 'yan sandan Holan da wasu kamfanonin tsaro, suka buɗe shafin No More Ransom, inda ake samun mabuɗan kwance wasu nau'o'in manhajar garkuwa kyauta. Game da biyan fansa, hukumomin tsaro ba sa goyon bayansa, domin babu tabbacin ɓarawo zai cika alƙawari, kuma kuɗin da aka ba shi su ne jarin harinsa na gaba. Wanda ke da kwafi a keɓe ba ya ma shiga wannan tsaka-mai-wuya. Zai wanke na'urarsa, ya mayar da bayanansa, ya ci gaba da ciniki.

Kammalawa

Akwai wurin da kamar da ke tsakanin cututtukan biyu ta ƙare. Bairas na jiki ba shi da niyya, na kwamfuta kuwa mutum ne ya rubuta shi, kuma riba yake nema. Wannan ya sa ƙaramin mataki yake da tasiri, domin mai neman riba ba ya ɓata lokaci a ƙofar da ta yi masa gardama alhali ga ta kusa a buɗe.

Malamai suna iya mai da wannan darasi aikin aji: ɗaliban lissafi su ƙididdige ƙarfin kalmomin sirri masu tsawo dabam-dabam, na ilimin halittu kuma su zana taswirar yadda filashi ɗaya zai yaɗa cuta a kwamfutocin makaranta. Ɗalibi kuwa, wanda sau da yawa shi ne ya fi kowa sanin waya a gidansu, yana iya farawa da shagon mahaifinsa ko sana'ar mahaifiyarsa tun a wannan mako. Ya duba ko an sabunta wayar, ya kunna tantancewa mai mataki biyu, ya sa wa layi lambar sirri. Sa'an nan ya yi tambaya ɗaya: in wayar nan ta ɓace yau da dare, a ina za a sami sunayen waɗanda ake bi bashi gobe da safe? In babu amsa, to aikin farko shi ne a kwafe su a ajiye a wani wuri dabam, ko da a cikin littafi ne da biro.